Ku Daina Kashe Tirakshan Don Burgewa

Sau uku ke nan a wata guda ana tare ni da tambaya iri ɗaya. Na ƙarshe ɗan yayata ne, da ya sayo 'yar Golf GTI ya kawo in sa albarka. "Kawu," in ji shi, "wai tirakshan ɗin nan yana da wani amfani, ko rage wa mota ƙarfi kawai yake yi?" Kafin in ba shi amsa na leƙa dashbod, sai na ga ashe ya riga ya kashe shi, shawarar ma ta bayan fage ce. Na gaji da maimaita magana, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tirakshan na'ura ce da ke hana tayar mota santsi, ba wani tsafi ba ne. Kowace taya tana da sansa da ke ƙirga juyinta, su ne dai sansocin da burkin ABS, mai hana taya kullewa in an taka burki, ke aiki da su. Idan ka taka totur, tayar da inji ke juyawa ta fara gudu fiye da sauran, kwamfutar mota ta san tayar nan ta saki kwalta. Sai ta rage wa inji wuta, ko ta ɗan matse burkin wannan tayar kaɗai, har ta sake kama ƙasa. Volkswagen suna kiran shi ASR, Toyota TRC, wasu TCS. Yana da babban wa, wanda ake kira ESP ko VSC ko DSC, shi kuma aikinsa hana mota juyawa a kwana. Bosch da Mercedes suka fito da wannan a 1995. Amurka ta wajabta shi ga sababbin motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Riƙe shekarun nan, za mu dawo kansu.

Kuskure na farko, wanda ya ci mini kuɗi ya kuma ci mini mutunci, shi ne kashe shi a kan kwalta don a ce ka iya mota.

Lokacin ina da wata 'yar ƙarama mai ƙofa biyu, wadda tayoyin baya ke tura ta. Da na tayar da inji, abu na farko da hannuna ke nema shi ne maɓallin kashe tirakshan, kamar mai gyara hula. Ran da abin ya faru, ruwan farko ne na shekara, yayyafi ma ba mamako ba, na taso daga wajen Ƙofar Ƙaura bayan la'asar. Duk direban Katsina ya kamata ya san sharrin ruwan farko: ƙurar wata bakwai, da baƙin mai da giris ɗin da motoci suka zubar tun kaka, duk suna kwance a kan kwalta, yayyafi ya kwaɓa su suka zama kamar miyar kuɓewa. Na shiga shataletale a giya ta biyu, ban kai gudun 40 ba, wallahi. Ina fitowa na ba ta wuta. Bayan motar ya tafi hagu, na murɗa sitiyari na wuce gona da iri, ta dawo dama, sai ga ni ina kallon inda na fito. Tayar baya ta daki gefen titi. Rim ya lanƙwashe, ƙarfen ƙafa ya karkace, masu Keke Napep suka taru ana "sannu, Alhaji, Allah ya kiyaye gaba." Wani dattijo da ke sayar da goro a gefe bai ce mini sannu ba, kai kawai ya girgiza. Wannan ya fi kuɗin gyaran zafi.

Abin da samari ba su gane ba shi ne, ƙaramar motar gudu tana matuƙar buƙatar na'urar. Ba ta da nauyi, gajera ce, inji kuma ya fi ƙarfin jikinta. Toyota 86 tana da ƙarfin doki kusan 200, duk a tayoyin baya. In bayanta ya saki, kafin ka yi tunani ta gama juyawa. Golf GTI ta biyar ma wajen doki 200 ce, amma gaba ke ja, don haka ita ba juyawa take yi ba, tayoyin gaba ne ke sulalewa: kana murɗa sitiyari tana tafiya miƙe, sai kwalbati. Masu tsere da kuke gani a waya suna kashewa, a fili suke yi wanda aka killace, babu akuya, babu ɗan acaɓa, babu almajiri da ƙoƙonsa a bakin hanya. Kai kuma a hanyar Daura kake, inda iskar hunturu ke shimfiɗa yashi a kan kwana tun kafin Mashi. Ni tun daga ranar nan ban ƙara taɓa maɓallin a kan kwalta ba, ko rani ko damina. In ana wasan mota a biki kuma, ni gida nake tafiya.

Kuskure na biyu ya fi na farko ban haushi, don shi a ɓoye yake. Fitilar ABS ta kama, ta tirakshan ta bi ta, suka ƙi mutuwa. Na kai wa wani mai wayarin, ya ce, "Oga, bar mini ita zuwa azahar, ƙaramin abu ne." Na dawo, dashbod fes, na biya har da na shayi. Sai bayan wata shida, da aka buɗe allon don gyaran wani abu daban, muka ga baƙin tef liƙe a bayan fitilun biyu. Wata shida ina yawo da iyali babu ABS, babu tirakshan, ina ganin ina da su! Da aka sa mata kwamfuta, sansa ɗaya ce ta baya aka tsinke wa waya ran da aka canza shokzoba. Gyaran bai kai rabin awa ba.

Ku sani, a yawancin motoci da zarar sansa ɗaya ta mutu, ABS da tirakshan da ESP duk sun kwanta tare. Ba kullum sansar ce ta lalace ba ma. Wani lokacin laka ce da garin ƙarfe suka liƙe mata, a goge ta wuce. Wani lokacin boris aka canza aka sa shi a baibai, domin irin na yanzu gefe ɗaya ne ke da maganaɗisun da sansa ke karantawa. Duk wanda ya ce maka "motocin nan haka suke, fitilar ba ta komai," ɗauke motarka ka tafi. Ɗabi'ata yanzu, in na murɗa makulli kafin inji ya tashi, sai na ga fitilun sun kama duka sannan sun mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba sam, ita ce abin tsoro. A nan shekarun can suke da amfani: in dillali ya nuna maka 'yar Amurka samfurin 2013, ka murɗa makulli ba ka ga hoton 'yar mota mai layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta ba, to wani ya yi wasa da ita.

Akwai kuma masu kishiyar kuskurena, waɗanda ba su san akwai inda ake kashewa ba. In ka kafe a rairayi ko caɓi, irin lungunanmu na bayan gari ko hanyar ƙauye a watan Agusta, tirakshan zai yi ta yanke maka wuta daidai lokacin da kake son taya ta juya ta watsar da yashi. Nan ne wurin maɓallin. Ni ina kashewa, in sa giya ta biyu, in riƙa yin gaba da baya a hankali. In ta ƙi, in rage iskar taya kaɗan, yara su tura. Da na hau kwalta in mayar da shi, in nemi mai faci ya cika iska. A kula, a wasu motocin dannawa sau ɗaya tirakshan kaɗai take kashewa, riƙewa na 'yan daƙiƙu kuma har da ESP. Na farkon ya isa.

Sauran ƙanana ne. Fitilar tirakshan tana ƙiftawa kana tafiya, ba lalacewa ba ce, aiki take yi, kai ne za ka sassauta ƙafa. Tirakshan ba ya rage tazarar tsayawa, wannan aikin burki da taya ne. Kada a cika iska sai taya ta yi tauri kamar dutse. Adadin da ya dace yawanci yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Taya kuwa sai na ɗan tsaya a kanta. Ka sa 205/55 R16 a gaba, 215/60 R16 a baya don ita ka samu da araha, bambancin girmansu ya kai kusan kashi 5 cikin 100. Kwamfuta za ta ɗauka tayoyin gaba santsi suke yi, ta riƙa shaƙe maka inji a kan busasshiyar kwalta, ka koma kana zagin na'ura. Kuma babu kwamfutar da za ta sa suɗaɗɗiyar taya ta kama ƙasa. In za ka sayi ta gwanjo, duba lambobi huɗun da ke ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2019.

Ɗan yayar tawa dai, da muka zagaya motarsa, tayoyi iri uku muka samu, ɗaya ma ta 2016 ce. Na karɓe makullin na ce sai ya canza biyun gaba. Uwarsa ta kira ni da daddare, na zaci roƙo za ta yi, sai ta ce in ƙara riƙe shi har bayan Sallah.