Yadda Ake Bambance Kuskuren Maƙera Da Raunin Tsofaffin Sulalla

Tun da aka fara yayata wa a Facebook cewa tsohon kwabo mai aibu yana tsada, kusan duk mako sai wani yaro ya same ni a Gusau da anini ko sisi a ƙulle cikin leda, yana cewa, "Baba, duba min, wannan ai na kuskure ne." Yawancinsu ba kuskure ba ne, wahala ce kawai ta shekaru. Masu tara sulalla suna biyan kuɗi ne a kan aibun da ya faru a maƙera, wato gidan buga kuɗi, lokacin bugu. Wanda ya same shi bayan ya shigo hannun mutane kuwa rage masa daraja yake yi.

Da farko, kada ka wanke. Toka, lemun tsami, tsamiya, yashi, duk a ajiye su. Baƙin da ke jikin tsohon ƙarfe shi ne shaidar shekarunsa, kuma gogewa tana barin siraran layuka da mai saye zai hango nan take. Riƙe shi ta baki da yatsu biyu, ka shimfiɗa tsumma mai laushi a ƙasa. Nemi madubin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau 10, ba shi da tsada. Kyamarar waya ma tana yi, amma ni ban yarda da ita ba, tana ƙirƙiro inuwar da babu. Fitila ɗaya tak, ka haska daga gefe.

Sai ka san yadda lafiyayyen yake kafin ka nemi marar lafiya. Anini, ɗari (rabin kwabo) da kwabo na zamanin Turawa da hujinsu aka ƙera su, da tauraro mai tsini shida. Ƙaramin harafin H ko KN da za ka gani ba tabo ba ne, alamar maƙerun Bamingham ce a Ingila. Amma huji a jikin sule mai bishiyar kwakwar manja ko fataka (sule biyu), wannan aikin maƙerin gida ne, don mata su rataya a kitso ko a wuya. A nan Zamfara irinsu sun fi yawa, wani ma har da ragowar dalma inda aka liƙa masa kunne.

Yanzu layuka. Ka karkata sulen a gaban fitila ka tambayi kanka: layin nan tasowa ya yi ko nutsewa? Hatimin ƙarfen da ake bugawa da shi idan ya tsage, ƙarfen sulen yana kutsawa cikin tsagar, sai layi ya fito a tashe kamar jijiyar bayan hannu. Wannan na maƙera ne. Ƙwarzane kuwa rami ne, sau da yawa da ɗan tudu a bakinsa inda ƙarfe ya ture, kuma cikinsa ya fi sauran jikin haske.

Inda na sha kashi shi ne gutsurarren baki. Wani tsoho daga wajen Ƙaura Namoda ya kawo min kwabo da aka ɗebe masa gefe kamar cizon wata. Raina ya biya, na biya ba ciniki, har ina ganin na yi masa wayo. Sai da na nuna wa wani da ya riga ni shiga harkar, ya juya shi sau ɗaya ya miƙo min, ya ce, "Malam, magagari ne." Ga abin da ya koya min. Gutsure na gaskiya yana faruwa ne tun ana yanko faifan daga fallen ƙarfe, kafin bugu. Saboda haka haruffan da ke kusa da wurin suna dushewa a hankali, suna zamewa wajen giɓin, ba a datse su tsaf ba. Sannan ka dubi bakin da ke daura da giɓin, can ɗaya ɓangaren: galibi za ka tarar ya yi rauni, bai taso sosai ba. Nawa kuwa bakinsa na can ɓangaren garau yake, haruffan an yanke su kamar da wuƙa, kuma cikin yankan ga sawun magagari a jere. Ban zargi tsohon ba, mai yiwuwa shi ma haka ya gaje shi. Har yau yana cikin gwangwanina.

Haka za ka bi da hujin da ya kauce daga tsakiya. Na maƙera zagayayye ne, girmansa daidai da na 'yan'uwansa, launin cikinsa ɗaya da na jiki. Wanda aka faɗaɗa da ƙusa bakinsa a tashe yake.

Karanta sunan sarki ka gwada da shekara. Sarki Joji na shida na Ingila ya rasu a 1952, amma akwai kwabon 1956 da aka buga da hatimi mai sunansa bisa kuskure. Na 1936 mai sunan Edward na takwas kuwa ba kuskure ba ne, kuma an buga shi da yawa, kada wani ya tsuga maka kuɗi.

Sauran a gurguje. Juya sulen daga dama zuwa hagu, na Turawa bayansa ya kamata ya tsaya a miƙe; idan ya karkace sosai, ka ware shi. Harafi mai ninki biyu, idan na biyun a shafe yake kamar matakala, girgizar inji ce, ba ta da kasuwa. Koren tsatsa cuta ce mai ci, raba shi da sauran. Daga nan ka kai wa masu sayen zinari su ɗora maka a sikelinsu, sulen azurfa na 1913 bai kamata ya yi nisa da giram 5.66 ba. Ajiya kuma a ambulan ɗin takarda, kowanne shi kaɗai, ban da leda mai laushi, musamman da damina.