Yadda ake zaɓen fenti idan kala biyu sun yi kama

A shagon fenti na kasuwar Katako da ke Yamai, ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske kusan abu ɗaya ne a ido. Sai sun hau bango bambancinsu ke fitowa, don haka kada ka yanke shawara a shago.

Ka fara da sa mai fenti ya haɗa maka kaɗan daga kowanne. Ka samo farin kwali guda 2, kowanne kamar rabin mita, a yi masa shafi biyu, a bari ya bushe sarai, domin fentin ruwa, wanda ake kira FOM, yakan ɗan ƙara duhu idan ya bushe. Kwali ya fi gwaji a jikin bango: kana iya kai shi kowane lungu, kuma tsohon fenti ba zai ruɗi idonka ba.

Sai babban aikin, wato kallo. Ka jingina su a bangon da ke fuskantar taga, ka duba da hantsi, da azahar, da bayan la'asar. Ɗakin da tagarsa ke yamma, ranar marece tana ƙara masa rawaya, har ruwan madara ya koma kamar man shanu. Da dare ka kunna fitilar da za ka riƙa aiki da ita. Ƙwan lantarki mai 6500K (lambar da ke nuna kalar haske, a rubuce take a jikinsa) haskensa fari ne mai shuɗi-shuɗi, yana dusashe ruwan ƙasa. Mai 2700K kuwa rawaya yake ƙarawa. Idan har yanzu sun rikita ka, kara farar takarda a gefensu, nan take za ka ga wanda ya karkata ja da wanda ya karkata rawaya.

Daga nan ka aza kwalayen a kan karo, wato tayil ɗin daɓen ɗakin, kusa da labule da kujeru. Waɗannan ba za su canja ba, fenti ne zai bi su. A kira uwargida ta gani, ita ke wuni a ɗakin.

In sun yi kunnen doki, ni dai a Yamai wanda ya fi kusa da kalar ƙasa nake ɗauka. Ƙurar hunturu da jar ƙasar garin nan ba sa raga wa bango mai haske, musamman wajen ƙofa.

Da ka zaɓa, mai fenti ya haɗa na ɗakin gaba ɗaya a mazubi guda, ya rubuta yawan kalar da ya zuba a kowane bokiti. Haɗi na biyu da wuya ya zo daidai da na farko. A rage lita 1 a rufe da kyau saboda gyara.