Kare Ɗaya, Fili Biyu: Inda Masu Horo Suke Tafka Kuskure

A gasar karnuka ta Crufts da ake yi a Birmingham ta ƙasar Ingila, wadda ta samo asali tun 1891, akwai filin da alƙali ke duba ƙirar kare da tafiyarsa, akwai kuma filin biyayya, inda ake gwada yadda yake bin umarni. Mutane da yawa suna cewa kare ɗaya ba zai iya duka biyun ba, wai zai ruɗe. Ni ban yarda ba. Duk ruɗewar da na gani, daga hannun mai igiya ta fito.

Babban kuskure shi ne batun zama. A filin biyayya, da ka ja birki, kare zai zauna a gefenka na hagu ba sai ka ce masa komai ba. A filin nuna kyau kuwa so ake ya tsaya cak, ƙafafu a daidaice, kai a ɗage, har alƙali ya gama shafa shi. Wanda ya shafe wata uku yana ba kare hanta duk sanda ya zauna, ranar gasa sai ya ga karen ya dangwarar da gindi a gaban alƙali yana jiran lada. Na taɓa yin haka da wata karyata irin Alsatian. Tana zaune tana kallona tana kaɗa wutsiya, a ganinta ta yi daidai, kuma gaskiyarta. Gyaran da na yi: na koya mata "tsaya" a matsayin darasi mai zaman kansa, da ladansa, na kuma daina ba ta komai idan ta zauna ba tare da an sa mata kayan biyayya ba.

Kayan nan su ne sirrin. A ware siririyar igiya da ake ɗaurawa can sama kusa da kunnuwa don nuna kyau kawai, abin wuya mai faɗi kuma don biyayya. Kalmomin ma a raba su. Cikin 'yan makonni kare zai gane aikin da ke gabansa tun daga abin da aka rataya masa.

Sai tafiya. Karen biyayya yana manne da ƙafarka, idonsa a fuskarka. Idan ya kawo wannan ɗabi'a filin kyau, jikinsa zai karkace, sassarfarsa ta lalace, alƙali kuma sassarfar yake kallo. Ka miƙa hannunka na hagu nesa da jiki, ka saki igiyar kaɗan, ka riƙa jefa lada gaba don ya saba kallon gabansa.

Wasu kuma ba sa bari baƙo ya taɓa kwikwiyonsu, sai ranar da alƙali ya ɗaga leɓensa zai duba haƙora, kare ya ja baya ko ya yi gurnani. Tun yana ƙarami a sa mutane daban-daban su shafa bayansa, su ɗaga ƙafarsa, su buɗe bakinsa a hankali.

Abinci ba ya shiga filin biyayya, don haka a rage lada sannu a hankali tun a gida. Darasin minti 5 zuwa 10 da safe ko bayan la'asar ya wadatar, a tashi tun karen yana marmari.