Kafin ku danna maɓalli a hoton ƙirji

Salamu alaikum 'yan uwa ɗalibai, musamman masu shirin zuwa asibiti aikin koyo. Hoton ƙirji na X-ray shi za ku fi ɗauka, kuma shi aka fi rainawa.

Ku tsayar da marar lafiya ƙirjinsa manne da farantin da hoton ke sauka a kai, tazarar santimita 180 tsakanin farantin da na'urar da ke fitar da hasken X-ray daga bayansa. Ya ɗora bayan hannuwansa a ƙugu, ya turo kafaɗu gaba, don allon kafaɗa ya kauce daga kan huhu. Sai numfashi, nan ne ake yin kuskure. Idan dattijo ne, kada ku ce "ja numfashi" kawai ku ruga. Ku gwada masa da kanku: "Baba, ja iska sosai, riƙe, kar ka saki." Idan iskar ta cika, a hoton za ku ƙirga haƙarƙarin baya kusan 10 a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki. In bai ja ba, ƙasan huhu zai yi fari-fari kamar nimoniya, zuciya ta yi kamar ta kumbura, alhali lafiyarsa ƙalau.

Wanda aka ɗauka a kwance daga gaba, ku rubuta AP (wato daga gaba zuwa baya) a jikin hoton, domin zuciya kan fito da girma fiye da yadda take.

Iska baƙi take fitowa, ƙashi fari. Ruwa a gefen huhu yakan share kusurwar ƙasa mai tsini, shi kuwa tarin fuka ya fi son saman huhu, saboda haka kada ku yanke sama wajen saita hoto.