Yadda ake karanta zanen mutum: mu gwada da Tutu

Yawancinmu in aka nuna mana zanen mutum iyakaci mu ce "kai, ya yi kama sosai" mu wuce, alhali kamar nan ita ce ƙaramar magana a ciki. Ɗauko wayarka ka nemo zanen wata mata mai suna Tutu, na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, mu duba tare.

Da farko kar ka karanta komi a kansa tukuna, zuba masa ido kawai ko na minti biyu ne. Ina take kallo? Ba kai ba, ta kau da kai gefe, wuya dogo a miƙe, irin zaman wadda ta san gidan da ta fito kuma ba ta neman yardar kowa. Sai ka bi haske, bayanta duhu ne, hasken a kanta ya sauka, to duk inda mai zane ya zuba haske nan yake so idonka ya tsaya.

Sannan sutura. Ɗaurin kanta na Yarbawa ne, gele, kuma sutura magana take yi, kamar yadda a Kano in ka hango rawani mai kunne biyu ka san jinin sarauta ne tun kafin a faɗa maka. Amma a kula, kar ka ɗauki ma'anar garinku ka liƙa wa kayan wasu, tambayi masu abin.

Yanzu ne za ka yi tambayar da ni a wajena ta fi kowacce nauyi, wa ya zana wa, kuma yaushe? Enwonwu Ibo ne ɗan Onitsha, ita kuwa Tutu, wato Adetutu Ademiluyi, jikar wani tsohon Ooni ce, wato sarkin Ife, ya zana ta sau uku a 1973 da 1974 lokacin yana koyarwa a jami'ar Ife, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba a 1970, raunin bai warke ba, sai ga ɗan Ibo ya zauna ya fito da 'yar sarautar Yarbawa da wannan martaba haka. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauki zanen alamar sulhu har aka riƙa rataye fostarsa a gidaje.

Zancen kuɗi bar shi can ƙarshe, ɗaya daga cikin ukun da ya zana an same shi a wani gida a Landan, kamfanin gwanjo na Bonhams suka yi gwanjonsa a 2018 kan fam miliyan 1.2. In ka gama da wannan duka koma kan fuskar, ka ƙara mata wasu minti biyun.