Abin da ke hana mangwaronka haihuwa

Mutum ya sha mangwaro mai zaƙi, sai ya tona rami a bayan gida ya binne ƙwallon. Shekara shida, bakwai yana jira, ranar da bishiyar ta haihu sai ga 'ya'ya ƙanana, duk zare. Ƙwallo ba kullum yake gadon uwarsa ba. In binta siga ko juli kake so, sayi dashen ɗan aure, wato wanda aka haɗa reshen irin da kake so da gindin wani mangwaro, wurin masu rainon itatuwa, shi cikin shekara 3 zuwa 4 yake fara 'ya'ya.

Amma ɗan auren ma ana kashe masa aure tun ranar dashe. Duba jikinsa, za ka ga ƙulli inda aka haɗa reshen da gindin. Wannan ƙullin dole ya tsaya sama da ƙasa, kada a binne shi. Kuma duk tohon da ya fito daga ƙasan ƙullin, fizge shi. Na taɓa barin guda don ya fi sauran kyau da saurin girma, ashe gindin ne ya tashi. Ya rinjayi reshen auren har ya bushe, na koma ga mangwaron da na gudu.

Wani kuskuren kuma shi ne zuba ɗanyen kashin shanu a rami. Yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A bar shi ya ruɓe tukuna, a gauraya da ƙasar sama. A yi dashe da faɗuwar damina, a ba kowace bishiya tazarar kamar mita 10, a kewaye ta da ƙaya, don akuya ba ta san kuɗin da ka kashe ba.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne na ruwa. Ƙaramin dashe yana son ban ruwa duk rani. Babbar bishiya kuwa sai ta sha ƙishirwa bayan ɗaukewar damina kafin ta yi fure da hunturu. Ka cika ta da ruwa a lokacin, sai ta yi ta fitar da ganye. Jira sai 'ya'ya sun ƙulla, sannan ka koma ban ruwa.

Tsutsar da ake tararwa a cikin mangwaro kuma wani irin ƙuda ne ke huda ɓawo ya zuba ƙwai. 'Ya'yan da suka faɗo kada a bar su a gindi, a tattara a baƙar leda, a ɗaure, a ajiye a rana.