Yadda za ka auna Cadillac CT5-V Blackwing da su M5 da E63 ba tare da lambobi sun ruɗe ka ba

Duk inda aka ɗora hoton Cadillac CT5-V Blackwing sai musu ya tashi, wannan ya ce ai motar Amurka gudun miƙaƙƙen titi kawai ta iya, da an zo kwana shi ke nan, wancan ya ce ta fi BMW M5 nesa ba kusa ba, kuma kowa hujjarsa ƙarfin dawakai. Ni dai a ganina wannan lambar ita ce ta ƙarshe da ya kamata ka duba in da gaske kake son sanin wacce ta dace da kai.

Fara da tabbatar da cewa motar da kake magana a kai ita ce. Akwai CT5-V zalla, mai inji V6 lita 3.0 da dawakai 360, akwai kuma CT5-V Blackwing mai V8 lita 6.2 da dawakai 668, a ido kusan kamarsu ɗaya amma ba aji ɗaya suke ba sam. Dillali zai iya ce maka "ai V ce yallaɓai" kuma bai yi ƙarya ba. Haka abin yake a ɓangaren Jamus, M550i ba M5 ba ce, E53 ba E63 S ba ce. Sa'o'in Blackwing su ne M5 da Mercedes-AMG E63 S da Audi RS7, sauran duk ƙanne ne.

Sai ka daidaita ma'auni. Amurkawa da Turawan Turai ba mudu ɗaya suke awo da shi ba. Sabuwar M5 a takardun Amurka dawakai 717 ne, a na Jamus 727, alhali inji ɗaya ne, lissafin ne ya bambanta. Haka batun tashi daga tsaye, Amurka 0 zuwa mil 60 suke aunawa wanda kilomita 96 da ɗoriya ne, Turai kuma 0 zuwa kilomita 100, ga shi mujallun motoci na Amurka ba sa fara ƙirga lokaci sai motar ta ɗan gusa kamar taku ɗaya, don haka lambarsu kullum ta fi daɗin ji. Kar ka ɗauko ta nan ka haɗa da ta can ka ce ka gano zakara.

Yanzu ga inda maganar take, nauyi. Blackwing tana wajen kilo 1,870. Sabuwar M5 da ta fito a 2024 ta haura kilo 2,400 saboda an mayar da ita mai haɗin fetur da lantarki, an ɗora mata batir da ake caji a kan V8 ɗinta mai lita 4.4, wato ta fi Cadillac ɗin da sama da rabin tan. Ɗauki kalkuleta ka raba dawakai da nauyi, za ka ga kowane tan na Blackwing dawakai kusan 357 ke jansa, na M5 kuma bai kai 300 ba. Shi ya sa ma a lissafin BMW da kanta tsohuwar M5 Competition mai dawakai 617 ta fi sabuwar saurin tashi duk da an ƙara wa sabuwar dawakai ɗari cur. Nauyi kuma ba a tashi kawai yake nuna kansa ba, a birki kake jin sa, a kwana kake jin sa, kuma taya ce ke biyan kuɗin.

Daga nan duba ta ina ƙarfin ke sauka ƙasa. Jamusawan nan uku duk tayoyi huɗu ke ja, Audi da quattro ɗinta, Mercedes da 4MATIC+, BMW da xDrive, ka taka totur iya ƙarfinka ko titi ya jiƙe kwamfuta ta raba aikin motar ta harba ba ko ƙarar taya. Blackwing kuwa tayoyin baya kaɗai, dawakai 668 a kan taya biyu, in ƙafarka ba ta da ladabi bayan motar zai riga gaban zuwa, musamman da ruwan sama ko in akwai yashi a kan kwalta. Don haka a tseren fitilar hanya sau da yawa ta Jamus ce za ta fara yin gaba, wannan gaskiya ce ko masoyan Cadillac sun ƙi ji. Amma da zarar an miƙa labari ya canza, Cadillac ya ce Blackwing tana wuce mil 200 a awa, kusan kilomita 320 kenan, su kuma na Jamus yawanci a ɗaure suke zuwa a kan 250 sai ka ƙara kuɗi a kwance maka zuwa wajen 300.

Abin da ya sa nake son Cadillac ɗin nan shi ne giya. Ita kaɗai ce a cikinsu ke zuwa da manuwal, giya shida na Tremec da kuloci a ƙafar hagu, in ba ka so ne za ka zaɓi otomatik mai giya goma. M5 rabonta da manuwal tun samfurin F10 da aka daina a 2016, shi ma a kasuwar Amurka ake samu. Kuma injin Blackwing supercharger gare shi ba turbo ba, bel ne ke juya shi kai tsaye daga inji, ba ya jiran hayaƙin salansa ya taru, kana taɓa totur yana amsawa. Injin nan LT4 ne, dangin wanda ke cikin Corvette Z06 ta da da Camaro ZL1, mutum ɗaya ke haɗa shi da hannu a Bowling Green ta jihar Kentucky ya sa sunansa a jiki, yadda AMG ke yi a Affalterbach, ita kuma motar a Lansing ta jihar Michigan ake harhaɗa ta.

Masu cewa motar Amurka ba ta iya kwana ba sun tsaya a zamanin da. Tun 2008 CTS-V, kakar wannan, ta zagaye filin tseren Nürburgring a ƙasa da minti 8, a filin Jamusawan da kansu. In ka samu damar gwaji kar ka ɓata lokaci a miƙaƙƙen titi, nemi hanya mai gargada da kwana-kwana ka ji yadda shokazoba ɗinta ke aiki, wani ruwa ne a ciki mai ƙwayoyin ƙarfe da maganaɗisu ke ƙara masa kauri ko ya sassauta shi cikin ƙiftawar ido, shi ya sa take laushi a rami ta kuma yi tauri a kwana. Kashe rediyo, saurari sitiyari a hannunka.

Inda Jamus ta ci kuwa ba sai an daɗe ba, shiga ciki ka zauna. Fata da katako da yadda ƙofa ke rufuwa, Mercedes da Audi sun fi, kujerar bayan CT5 ta fi matsi kuma but ɗinta ƙarami ne. In kai mai direba ne kana zaune a baya kana waya, ba motarka ba ce, ka tafi Benz abinka.

Kuɗi. Lokacin da Blackwing ta fito a matsayin samfurin 2022 wajen dala 85,000 ta fara, sabuwar M5 kuma lokacin da ta fito kusan dala 120,000. Amma kar ka kwatanta farashin farko da na farko, haɗa kayan ƙari tukuna, birkin kabon da kujerun tsere kaɗai suna cinye kaso mai tsoka na ratar. Mai kuma Blackwing ba ta wasa da shi, lita ɗaya kilomita 6 da ɗan wani abu a lissafin hukumar Amurka, kuma fetur mai daraja take so, duka huɗun ma haka.

Ga wanda ke tunanin shigo da ɗaya ta Legas ko Kwatano, sai ka ƙara wasu tambayoyin da Ba'amurke ba ya yi. Bakaniken da ya san Benz da BMW ba ya wuya a Kano ko Abuja, kayan gyaransu ma ana samu, na Cadillac kuwa ka shirya yin oda da jira. A gefe guda V8 ɗinta tsohon tsari ne mai sauƙin fahimta, babu batir ɗin lantarki mai babban caji da zai sa ka neman ƙwararre na musamman kamar sabuwar M5. Dukansu ƙasa-ƙasa suke, leɓen gaba zai sha kan tudun rage gudu, kuma tayoyin yawancinsu faɗin na gaba daban na baya daban, ba a kowane shago za ka samu ba. In daga gwanjon Amurka za a ɗauko maka, karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar motar, ka binciki tarihinta kafin ka tura ko sisi, don irin waɗannan motocin da yawa ba tsufa ke kai su gwanjo ba, hatsari ne, kuma ka sa a ɗauko maka hoton ƙarƙashinta da na tayoyin baya.